Daga Zango Zuwa Otal: Tarihin Mazaunin Masauki da Gamsuwar Baƙo a Lafiya da Ƙasar Hausa

Masauki, wato wurin da matafiyi yake sauke kayansa ya kwana a garin da ba nasa ba, tsohon abu ne a rayuwar al'ummomin Arewacin Najeriya, kuma tun kafin a san ginin bene da gadon katifa, masu sana'ar saukar da baƙi sun fahimci cewa rabin darajar masauki tana rataye ne da wurin da aka kafa shi a cikin gari. Abin da ake nufi da gamsuwar baƙo a nan shi ne natsuwar da matafiyi yake samu idan ya biya buƙatar da ta kawo shi ba tare da wahalar da ta wuce kima ba, ya kwana da ransa da dukiyarsa cikin aminci, har ya ƙudurta cewa in ya dawo nan zai sake sauka, in kuma wani ya tambaye shi nan zai nuna masa. Tarihin garin Lafiya da ƙauyukan da ke bakinsa, irin su Azuba, tare da tarihin manyan biranen kasuwanci kamar Kano, yana nuna cewa ma'aunin wannan gamsuwa bai sauya ba cikin ɗaruruwan shekaru, sai dai wurin da ake samunta yakan ƙaura duk lokacin da hanya ta ƙaura ko kuma irin baƙin da suke shigowa gari suka sauya.

Zango da gidan fatoma

A zamanin fatauci da jakuna da raƙuma, masauki iri biyu ne, kuma kowanne yana da mazauninsa. Na farko shi ne zango, wato filin da ayarin fatake yake yada kaya bayan tafiyar yini, wanda galibi ake ware shi a bayan ganuwa ko a bakin gari. Dalilin ware shi a waje a fili yake, domin ayari guda yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane da dabbobi, a ƙarƙashin madugu wanda shi ne shugaban tafiya, da jagaba mai shigewa gaba don duba hanya da neman wurin sauka, kuma irin wannan taro yana buƙatar ruwa da ciyawa da itacen girki da sarari, abubuwan da lungunan cikin birni ba za su iya bayarwa ba. Haka kuma sarakuna ba su cika son a kwana da baƙi masu yawa ɗauke da makamai a cikin ganuwa bayan an rufe ƙofofi ba. Unguwar Fagge a Kano ta samo asali ne daga irin wannan fili, inda ayarin Azbinawa masu kawo gishiri daga hamada suke sauka a wajen ganuwa, kusa da ƙofofin da suke kaiwa ga kasuwa. A yawancin garuruwa akan naɗa Sarkin Zango, wanda aikinsa shi ne karɓar baƙi, da sasanta rigingimunsu, da zama tsani tsakaninsu da fada.

Masauki na biyu shi ne gidan fatoma, wanda a wurare da dama ake kira maigida kawai, wato mutumin gari mai rufin asiri wanda yake saukar da 'yan kasuwa baƙi a gidansa. Irin wannan gida a cikin gari yake, kuma gwargwadon kusancinsa da kasuwa gwargwadon yawan baƙinsa. A Kano, unguwannin da suka kewaye kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sun cika da irin waɗannan gidaje, kuma sunayen wasunsu har yau suna faɗin waɗanda suka zauna a cikinsu, kamar Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Dandalin Turawa, inda Larabawan Arewacin Afirka suka yi zama. Kowace al'umma takan nufi unguwar da za ta iske mai jin harshenta, da abincin da ta saba, da wanda ya san iyayenta.

Tsarin gidan fatoma kansa yana bayyana abin da baƙo yake nema. Daga bakin titi akwai zaure, inda ake zaman ciniki ana karɓar masu zuwa ganin kaya. A bayansa akwai shigifa da ɗakunan baƙi a farfajiyar waje, nesa da cikin gida inda iyali suke. Akwai ɗakin ajiya mai ƙofa ɗaya wanda mabuɗinsa yake hannun maigida, akwai kuma turken dabbobi a gefe. Da magariba yaran gida sukan fito da akussan tuwo daga ciki su ajiye wa baƙi, da asuba kuma baƙo yakan bi maigida masallacin unguwa, inda mutane za su gan shi tare da wanda suka sani, wanda hakan kaɗai ya isa ya zame masa shaida. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki ko na abinci. Abin da fatoma yake samu yana fitowa ne daga la'ada, wato kason da ake cirewa idan an sayar da kaya ta hannunsa ko ta hannun dillalansa. Saboda haka ribar maigida tana ɗaure da nasarar cinikin baƙonsa, kuma duk fatoman da baƙo ya tashi daga gidansa da ɓacin rai, labarinsa zai riga shi isa zangon gaba.

Masana tarihi da halayyar al'umma sun yi rubutu mai yawa a kan wannan tsari. Polly Hill ta yi nazarinsa a Kumasi a ƙasar Gana, Paul Lovejoy ya bi sawunsa a fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a littafin da ya fitar a 1980, Mahdi Adamu kuma ya nuna yadda zangunan Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma a littafinsa na 1978. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, ya bayyana yadda masu gidajen saukar fataken shanu suke tsaya wa mahauta idan an ba su shanu bashi, ta yadda in mahauci ya gaza biya, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Abin da duk waɗannan bincike suka haɗu a kai shi ne, masaukin gargajiya ya tattara abubuwa uku a wuri guda: kusanci da kasuwa, da tsaron dukiya, da mutumin da zai zame wa baƙo ido, tun da Hausawa sun ce baƙo ko da idonsa makaho ne.

Lafiya a kan hanyar fatake

Garin Lafiya, wanda aka daɗe ana kiransa Lafiyar Barebari saboda asalin gidan sarautarsa, Muhammadu Dunama ne ya kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, a yankin da Alago da Gwandara da Migili da Eggon suke zaune. Matsayinsa tsakanin tuddan Filato da kwarin kogin Binuwai ya sa ya zama mahaɗar kayayyaki: gishirin Keana da Awe yana fitowa daga gabas da kudu maso gabas, tufafi da dawakai da kanwa suna gangarowa daga Arewa, kayan kogi kuma suna haurowa daga kudu. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko, tashar jiragen ruwa da ke bakin kogin, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da garin. A 1903 ne Turawan mulkin mallaka suka tabbatar da Musa a matsayin Sarkin Lafiya a ƙarƙashin tsarinsu.

A irin wannan gari, mazaunin masauki mai daraja shi ne wanda yake tsakanin fada da kasuwa, domin baƙon wancan lokaci buƙatunsa biyu ne, ya gaida sarki ya sami izini da kariya, sannan ya sayar ya saya. Ƙauyukan da suke kan hanyoyin shiga gari kuwa, aikinsu shi ne na zangon ƙarshe, inda ayarin da rana ta faɗi masa kafin ya kai ƙofa yake kwana, ya huta da dabbobinsa, ya shiga kasuwa da sassafe. Wannan rabon aiki tsakanin tsakiyar gari da bakin gari, inda tsakiya take da kusanci da cunkoso, baki kuma yake da sarari da nisa, shi ne ginshiƙin da duk sauye-sauyen baya suka hau kansa.

Dogo, bariki da Sabon Gari

Mulkin mallaka ya kawo sauyi ta fuska biyu, ya sauya hanya, ya kuma raba gari. Layin dogo ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya janye harkar kasuwanci daga kewayen Kurmi zuwa kewayen tasha da kantunan kamfanonin Turawa. Layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi da Lafiya ya haɗu da na Arewa ta Kafanchan, an kammala shi a ƙarshen shekarun 1920, gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Daga nan hanyar Loko ta fara ja da baya, kayan da a da ake ɗorawa a kan jakuna zuwa bakin kogi suka koma taragu, kuma gidan da yake kusa da tashar jirgi ya sami baƙin da gidan kusa da tsohuwar hanyar ayari ya rasa, ba tare da ɗayansu ya ƙara ko ya rage wani abu na kyautatawa ba.

Ta fuskar raba gari kuwa, Dokar Birane ta 1917 da umarnin Gwamna Lugard sun tanadi cewa a ware wa Turawa unguwarsu, a kuma bar fili mai faɗin yadi 440, wato kimanin mita 400, wanda ba a gini a cikinsa, tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, bisa hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro da shawara. A cikin wannan unguwa ko kusa da ita aka gina gidajen saukar baƙi na gwamnati, inda jami'an da suke rangadi suke kwana, kuma ma'aunin kyan wuri a wajensu ya zama akasin na fatake: tudu mai iska, da inuwar itatuwa, da shiru, da nisa daga kasuwa. Ta haka aka mayar da nisa daga jama'a abin alfahari a harkar masauki a ƙasar nan, kuma tasirinsa bai gushe ba, domin har yau manyan otal-otal na Kano da Kaduna da Zariya da Jos sun fi yawa a tsoffin unguwannin Turawa. Otal ɗin Hill Station na Jos, wanda aka kafa a 1938, misali ne na masaukin da aka zaɓa wa wuri saboda sanyin iska da hutawa.

A ɗaya ɓangaren, an kafa Sabon Gari a Kano a 1913 domin ma'aikatan dogo da na kamfanoni da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka kuma yi irinsa a Zariya da wasu garuruwa. Da yake an hana sayar da giya a cikin biranen Musulmi amma an bar ta a waɗannan unguwanni, ƙananan otal-otal na farko da talaka ya sani sun taso ne haɗe da mashaya da kiɗa. Wannan ya shafa wa kalmar otal wani baƙin jini a idon Bahaushe wanda ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya fara gogewa, har ya kasance malami ko attajiri ko magidanci mai tafe da iyali ya gwammace ya takura a zauren ɗan'uwa ko abokin ciniki da a ce an gan shi yana fitowa daga otal. A nan aka ga wani ma'auni na huɗu da mazaunin masauki yake ɗauke da shi, wato mutunci, domin unguwar da gini yake cikinta tana ba shi suna tun kafin baƙo ya taka ƙofarsa.

Babban abin da otal na zamani ya sauya shi ne, ya raba kwana da dillanci. Mai otal yana sayar da ɗaki ne na dare ɗaya a kan kuɗi sananne, ba ruwansa da ko baƙo ya sayar da kayansa ko bai sayar ba, ba ya raka shi kasuwa, ba ya tsaya masa a wajen bashi. Aikin haɗa baƙo da gari, wanda a da fatoma yake yi da ƙafarsa da bakinsa da mutuncinsa, ya koma kan mazaunin ginin shi kaɗai. Wannan ne ya sa kuskuren zaɓen wuri ya fi tsada a zamanin otal fiye da zamanin zango, domin babu sauran mutumin da zai cike giɓin.

Otal-otal na gwamnati da darasin nisa

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatoci sun shiga harkar otal da kansu. Gwamnatin Jihar Arewa ta samar da otal ɗin Hamdala a Kaduna domin baƙin hedikwata, an gina otal ɗin Durbar a garin domin hawan daba na bikin al'adun baƙar fata na 1977, Abuja kuma ta sami babban otal ɗin Hilton a 1987, kafin a mayar da babban birnin tarayya can a watan Disamba na 1991. Waɗanda aka gina kusa da ofisoshin gwamnati da wuraren taro sun daɗe suna samun baƙi, domin buƙatar da take kawo mutane ba ta yankewa. Waɗanda aka gina domin shaƙatawa a nesa da gari kuwa sun sha wahala. Otal ɗin tafkin Bagauda, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, yana da kyan gani da ruwa da iska, amma yana da tazarar kilomitoci masu yawa daga birnin, alhali yawancin masu zuwa Kano kasuwa ko ofis ko biki ne yake kawo su. Daga baya gine-ginensa suka zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Kyan gini bai iya maye gurbin kusanci da buƙata ba.

Babu inda wannan gaskiya ta fi fitowa fili ga Bahaushe kamar a aikin hajji. Alhajin da ya dawo daga Makka da Madina, idan ana tambayarsa yadda masauki ya kasance, abin da yake fara faɗi shi ne nisansa da Harami, ko da ƙafa ake zuwa ko sai an jira mota, ko tsoho zai iya samun salloli biyar cikin jam'i. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2006, da hukumomin jihohi, sukan sha yabo ko suka a kan wannan batu kowace shekara, kuma farashin ɗaki a biranen biyu yana hawa ne gwargwadon yadda gini ya matso kusa da masallaci. Ɗaki ƙarami a kusa ya fi soyuwa ga mahajjaci a kan ɗaki mai faɗi a nesa, saboda abin da ya kai shi yana cikin masallacin ne.

Lafiya babban birnin jiha, da matsayin Azuba

Ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ta mayar da Lafiya babban birninta, kuma wannan ya sauya irin baƙin garin cikin ɗan lokaci. A kan 'yan kasuwar doya da riɗi da shinkafa da gyaɗa waɗanda suka saba zuwa, sai ga ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila da 'yan siyasa da masu halartar tarurruka, sai ga masu jinya da suke nufin Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, sai kuma iyayen ɗalibai da malamai bayan an kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011. Garin ya miƙe a kan manyan hanyoyinsa: hanyar Jos da ta nufi arewa ta Nasarawa Eggon da Akwanga, da hanyar Makurɗi da ta nufi kudu inda mazaunin jami'ar na dindindin yake, da hanyar Shendam inda Gidan Gwamnati yake, da hanyar Doma. Kowace hanya tana da irin baƙinta, don haka babu wuri guda a Lafiya da za a ce shi ne mafi kyau ga kowane baƙo.

Azuba tana arewacin garin ne a kan hanyar Akwanga, wato ƙofar da mai zuwa daga Abuja da Keffi da Jos da Kaduna yake shigowa ta cikinta, kuma wannan ya ba ta matsayin da zangon bakin gari yake da shi a zamanin da. Abin da take da shi shi ne sarari: fili ya fi sauƙin samu, ana iya yin farfajiya mai faɗi da wurin ajiye motoci da zauren taro, hayaniyar kasuwa da ta tasha ba ta kaiwa can, kuma matafiyin da yake ratsawa zuwa Makurɗi ko Inugu, wanda dare ya yi masa, yana iya kwana ba tare da ya kutsa cunkoson tsakiyar gari ba. Filin jirgin sama na Lafiya da ke Kwandere, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2022, da aikin mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafiya zuwa Makurɗi tagwaye, sun ƙara wa yankunan bakin gari daraja a idon masu zuba jari.

Amma abin da bakin gari yake bayarwa da hannu ɗaya yana iya karɓewa da ɗayan, kuma ana ganin haka ne idan aka bi baƙo sawu da sawu. Wanda ya zo ba da motarsa ba, aka sauke shi a tashar cikin gari bayan isha'i, dole ya nemi ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da zai yarda ya fita da shi bayan gari, ya biya kuɗin dare wanda ya ɗara na rana, ya kuma riƙe jakarsa a kan cinya yana kallon fitilun gari suna raguwa a bayansa. In ya isa ya tarar ɗakin girki ya rufe, babu mai shayi ko mai tsire ko kantin magani a kusa da zai taka da ƙafa. In da safe jami'a zai je, sai ya ratsa garin tun daga arewa har kudu, ya kuma sake ratsa shi da yamma. A kan tagwayen hanya kuma, shingen da ya raba tsakiya yana sa direban da otal yake ɗaya hannunsa ya wuce har sai ya sami wurin juyawa, kuma da yawa daga waɗanda suka wuce ba sa juyowa. Ɗakin da yake dab da kwalta yana kwana da rurin tireloli da tankokin mai, wanda yake can ciki kuma, in ba a gyara ɗan titin da yake kaiwa gare shi ba, damina takan mayar da shi laka. Waɗannan ƙananan abubuwa, waɗanda ba sa fitowa a hoton talla, su ne baƙo yake tunawa, kuma su ne a yau yake rubutawa a intanet inda dubban mutane za su karanta, kamar yadda a da yake faɗa wa 'yan ayari a zangon gaba.

Otal na tsakiyar gari shi ma yana da nasa nauyin. Yana kusa da kasuwa da fadar sarki da bankuna da babban masallaci da coci-coci, ana samun abin hawa kowane lokaci, amma fili ya yi masa kaɗan, motar baƙo takan kwana a bakin titi, ƙarar janareton maƙwabta da lasifikar masu talla ba sa barin barci ya yi nauyi. Ɗan kasuwar da ya zo lodin doya zai jure duk wannan da farin ciki saboda yana son ya riga kowa isa wurin ciniki, alhali malamin da ya zo gabatar da takarda a taro zai ga an cuce shi. Ke nan gamsuwa tana samuwa ne idan mazaunin masauki ya dace da buƙatar wanda ya sauka a cikinsa, kuma otal ɗin da yake son ya gamsar da kowa da kowa daga wuri guda yakan ƙare bai gamsar da kowa ba.

Kammalawa

Tarihin da aka bi daga Fagge da Kurmi zuwa Loko da tashar jirgin Lafiya, daga unguwar Turawa da Sabon Gari zuwa Bagauda da Azuba, yana tabbatar da abubuwa uku. Na farko, baƙo yana auna masauki ne da kusancinsa da abin da ya kawo shi, da amincin ransa da dukiyarsa, da samun hutu, da kuma mutuncin unguwar. Na biyu, darajar wuri ba ta dawwama, tana bin hanya ne, daga turbar jakuna zuwa dogo, daga dogo zuwa kwalta, daga kwalta zuwa filin jirgi, don haka wanda zai kafa gini na shekaru hamsin ya wajaba ya dubi inda gari ya dosa. Na uku, raunin wuri yana gyaruwa idan aka sami mai masaukin da ya ɗauki baƙo amana, kamar yadda fatoma ya ɗauke shi.

Saboda haka, mai niyyar gina otal a Azuba ko wani bakin gari ya kamata ya fara tantance irin baƙon da yake nufi kafin ya sayi fili, sannan ya tanadi abin da nisa yake hanawa: motar ɗauko baƙi daga tasha da mayar da su, da abincin dare, da rijiyar burtsatse da wutar da ba ta yankewa, da wurin ibada, da maigadi, da ma'aikacin da ya san gari wanda zai iya shiryar da baƙo zuwa kasuwa ko ofis ko asibiti. Hukumomin tsara birane na Jihar Nasarawa kuma haƙƙi ne a kansu su shimfiɗa titunan unguwa da magudanun ruwa da fitilun hanya a yankunan da gari yake miƙewa zuwa cikinsu, su kuma raba wuraren kwana da wuraren hayaniya tun kafin gine-gine su cushe. Garin da ya gaji karɓar fatake fiye da shekaru 200 yana da abin koyi a cikin tarihinsa, kuma baƙon da ya kwana cikin aminci ya biya buƙatarsa cikin sauƙi shi ne zai dawo, ya kuma zo da wani.